Sabon Ɗinki Daga Dilar Gwanjo

(Kiɗan buɗe shiri)

Ga filinmu na sana'o'in hannu. Yau da teloli za mu zanta, maza da mata, da yaran shago masu koyo, da kuma ke Hajiya da kekenki ke jingine a kusurwar ɗaki tun bayan biki, an lulluɓe shi da zane ana ɗora kwanuka a kai. Zancen namu shi ne yadda ake sayo kayan gwanjo, a farke su, a fitar da sabuwar sutura daga cikinsu, a sayar a ci riba.

Na san wani zai ce, gwanjo ai sawa ake yi, me zai kai mutum farke rigar da aka riga aka ɗinka? To a gyara zama.

Wanda ya taɓa sammako ya je Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko Katako a Jos ranar da ake fasa dila, ya san yadda abin yake. Dila takan zo a matse tamau, an ɗaure ta da ƙarfe ko igiyar roba, yawanci kilo 45 ko 55. Da an datse ɗaurin sai kaya su kumbura su baje, warin nan na dila ya tashi, 'yan sari su yi caa, kowa na fizga yana maƙalewa a hammata. Zaɓin farko shi ne wanda za a wanke a goge a rataye a shago da tsada. Zaɓi na biyu ya tafi kan tebur. Sai abin da ya rage: rigar da ta yi wa kowa yawa, wandon da zif ɗinsa ya mutu, labulen da ya rasa ɗan'uwansa, zanen gadon da ya yage ta gefe ɗaya. Waɗannan mai dila yakan zube su a ƙasa kan leda, yana neman wanda zai raba shi da su ko da a uwar kuɗi ne. A wajensa kwantai ne. A wajen tela kuwa yadi ne, kuma sau da yawa yadi mai kyan da ba zai iya sayen sabonsa ba.

Kuma kada ku ɗauka kwantan nan kaɗan ne. A kasuwar Kantamanto ta birnin Accra, wadda tana cikin manyan kasuwannin gwanjo na duniya, ƙungiyar The Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa duk mako, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 nasu a shara suke ƙarewa. Wasu su toshe magudanan ruwa, wasu teku ta turo su bakin gaɓa a cukurkuɗe. Dalili kuwa a fili yake. Wani rahoto da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya nuna cewa yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka tsakanin shekarar 2000 da 2015, kuma abin da ake sake sarrafawa ya koma sabuwar sutura bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masu kuɗin duniya suna saye suna zubarwa da sauri, ragowar kuma tana gangarowa wajenmu. A dokar kwastan ta Najeriya gwanjo yana cikin kayan da aka hana shigowa da su, amma kowa ya san ta Kwatano da Lome yake biyowa, kuma a bainar jama'a ake sayar da shi. Ni ban ce kowa ya je iyaka ba. Kasuwar garinku ta ishe ku.

Yanzu ga tambayar da duk mai son shiga wannan sana'a ya kamata ya amsa kafin ya taɓa almakashi. Uwa ta zo kasuwa, ga rigar yarinya ta gwanjo a rataye da araha, ga ta China sabuwa fil a leda. Me zai sa ta wuce su ta sayi taki da ta fi su kuɗi?

Amsar tana cikin dilar kanta. Kayan nan daga Turai da Amurka da China da Koriya aka tattaro su, ɗinkin mutanen can ne, don jikinsu da al'adarsu. Ka zazzage dila goma ba za ka ga kaftanin yaro ba. Babu 'yar shara, babu wando mai zariya, babu doguwar riga mai dogon hannu da za ta sauka wa yarinya har idon sawu, babu hijabin Islamiyya, babu majanyin goyo. Abin da mutanenmu suka fi sawa shi ne dila ba ta kawowa. Saboda haka kada ki ɓata lokaci kina gasa da gwanjo a kan irin ɗinkinsa, zai kayar da ke a farashi kullum. Ki ɗauki yadinsu ki yi ɗinkinmu. Duk abin da zan faɗa daga nan har ƙarshen shiri a kan wannan ya hau.

Idan haka ne, to shiga kasuwarki ma za ta bambanta da ta sauran mutane. Su suna duba ko riga za ta yi musu daidai, ke kina duba faɗin yadi. Ki wuce layin riguna tukuna, ki nufi layin zannuwan gado da labulaye. Bari in ba ku lissafi. Turmin atamfa yadi 6 ne, faɗinsa bai wuce inci 45 zuwa 48 ba. Babban zanen gado na mutum biyu, mai tsawon mita biyu da rabi da faɗin mita biyu da ɗoriya, in aka auna shimfiɗarsa, kaɗan ya rage ya kamo turmi guda. Akwai kuma wanda ya fi shi, wato rigar bargo, wadda Turawa ke zura bargon sanyi a cikinta. Fuska biyu gare ta. Mai mita biyu tsawo mita biyu faɗi, in kika farke gefunanta, yadin da za ki samu ya fi turmi. Sau da yawa ma fuskar sama mai fure ce, ta ƙasa kuma launi ɗaya ne da ya dace da ita, kin ga an haɗa miki yadin jiki da na kwalliyar wuya da hannu ke nan ba tare da kin yi yawon nema ba. Mutane da dama ba su san amfaninta ba tunda ba irin bargonmu ba ne, shi ya sa takan yi kwantai.

Bayan su sai manyan rigunan maza masu maɓalli, irin na ƙattin da ba su da masu saye a nan. Bayan irin wannan riga kaɗai yakan fitar da rigar yaro ɗan shekara biyu, gabanta kuma ga maɓallai da ramukansu an riga an yi, sai ki juya shi ya zama bayan rigar yarinya, kin huta da huda rami. Sai wandunan jins manya, don jakar makaranta da rigar aikin makanikai da kafintoci. A nan ki guji jins mai talewa, mai roba a cikin saƙarsa, domin robar takan mutu, yadin ya yi tattara, ɗinki ba ya zama a kansa.

To yaya ake gane yadi mai rai da wanda ya gama aiki? Ɗaga shi sama ki kalli rana ta cikinsa. Zanen gado a tsakiya yake mutuwa, inda ake kwanciya, gefuna kuwa suna nan da ƙarfinsu. In kika ga haske ya fi ratsa tsakiya, kin san nan ba ya ɗinkuwa, sai ki yi ciniki a kan gefunan kaɗai. Labule kuma rana ce ke cinye shi, a bi layin ninkin da ke fuskantar taga. Kama shi da hannu biyu ki ɗan ja, in kika ji zare na ƙara yana saki, ajiye. A riga ki duba wuya da hammata, a wando ki duba gwiwa da tsakanin cinya. Sannan ki nemi 'yar takardar da ke maƙale a ɗinkin ciki. In an rubuta 100% cotton, ko coton da Faransanci, auduga ce zalla, ita muke nema saboda zafin ƙasarmu. In an yanke takardar, akwai gwajin da za ki yi a gida: ciro zare kaɗan daga kalmasar ciki, ki ɗora a faranti nesa da sauran kaya, ki ƙyasta masa ashana. Auduga takan ci da wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu yakan yi ƙaurin gashi. Yadin roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Shi ba a yi wa yara rigar zafi da shi, amma yana yin jaka da rigar kujera.

Wajen ciniki kuma, kada ki nuna kin ƙyalla ido a kan abu ɗaya. Tara su tuli guda.

"Alhaji, waɗannan na ƙasan fa, nawa za ka bar mini su gaba ɗaya?"

"Hajiya, ai wannan zanen Ingila ne, taɓa ki ji."

"Na ji, amma dubi tsakiyarsa, kuma ga tabo. Ni gefen kawai zan mora."

Zai ce albarka, ki ƙara kaɗan, ya sallama. In kika zama mai zuwa a kai a kai kina kwashe masa abin da ya tsaya masa a wuya, da kansa zai riƙa ware miki, har ya kira ki ranar da zai fasa sabuwa. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ki sayi dila sukutum. Dila a rufe take, ba a san cikinta ba sai an fasa, kuma manyan 'yan kasuwa ma tana kayar da su. Ki tsinta da hannunki. Ki kuma lura da lokaci: barguna da rigunan sanyi suna tsada da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma da zafin Maris da Afrilu masu su neman kai suke yi da su. Lokacin saye ke nan ga mai wurin ajiya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan mayar da kayan gwanjo sabuwar sutura. Mun baro kasuwa, mun iso gida.

Kayan da aka sayo ba sa shiga ɗaki, ba sa hawa keke, sai an wanke. Wannan ba na sassauta shi. Ba mu san jikin da ya sa su ba, ba mu san inda suka kwana ba, kuma ƙazuwa da makero da ƙwarƙwata duk suna iya bin tufafi. A ware fari daban, mai launi daban. Auduga a jiƙa ta a ruwa mai zafi sosai, kamar digiri 60, da sabulu, a wanke, a ɗauraye har warin dila ya fita, a shanya a rana ta bushe ƙayau, a bi da dutsen guga mai zafi. Ulu ba ya son ruwan zafi, tsukewa yake yi. Shi a ƙulle shi a leda mako guda, domin ƙwayar ƙazuwa ba ta wuce kwana biyu zuwa uku a raye in ba ta jikin mutum, sannan a wanke da ruwan sanyi. Kayan ciki kuwa, kamfai da makamantansu, babu ruwanmu da su ko kyauta aka ba mu. Kafin ki haɗa yadi mai launi da fari a riga ɗaya, jiƙa farin ƙyalle ki goga a kansa. In ya ɗauko launi, to zai zuba, kuma a wankin farko mai saye za ta dawo miki da riga ta yi dabbare-dabbare.

Sai farka. A nan ne aikin yake, kuma nan ne masu farawa suke raina shi. Ɗauki wandon jins. Kada ki tsaya farke ɗinkin nan mai kauri na cikin cinya, zai cinye miki yini ya cinye miki yatsu. Bi gefensa da almakashi ki yanke shi, ki ajiye, igiya ce mai ƙarfi da za ta zama hannun jaka. Buɗe ƙafar wandon ki shimfiɗa, ki goge, ga falle biyu masu tsawo. Aljihun baya kuma a hankali za ki bi shi da reza ki ɗaga shi ɗungurungum. In kin cire za ki ga wurin da ya rufe ya fi sauran duhu, shuɗinsa na asali yana nan rana ba ta taɓa shi ba. Wasu suna ɓoye wannan tabon. Ni a ganina ado ne, in aka saita shi a tsakiyar jaka sai ka ce da gangan aka rina. Zif mai lafiya, maɓalli, ƙugiya, duk a cire a zuba a gwangwani. Bayan 'yan watanni za ki daina sayensu.

Wajen yanka akwai ƙa'idoji biyu da in aka karya su riga ba ta zama. Na ɗaya, a bi tsayin zare. Kowane saƙaƙƙen yadi yana da zaren da ya miƙe da wanda ya gitta, kuma tsayin riga dole ya bi wanda ya miƙe. Saboda yadin gwanjo guntu-guntu ne, zuciya takan raya wa tela ya karkata awo don ya shiga. In ya yi haka, bayan wanki ɗaya rigar za ta murɗe, ɗinkin gefe ya dawo gaba. Na biyu, a haɗa mai nauyi da mai nauyi, marar nauyi da marar nauyi. Jins da boyel ba sa zama a ɗinki ɗaya, mai ƙarfin zai yaga ɗan'uwansa. Haka kuma in za ki sa sabon yadi a matsayin shafi, wanke shi tukuna, domin tsohon ya gama tsukewarsa tun tuni, sabon kuwa yanzu zai fara. Allura ma a canza: lamba 16 ko 18 ga jins, 11 ko 12 ga zanen gado. Keken ƙafa irin Butterfly ko tsohuwar Singer ya isa wannan aiki, ba sai an jira wutar lantarki ba. In babu keken wibin, a ninka bakin yadi sau biyu a bi da ɗinki. Mai saye takan juya riga ta duba ciki, kuma da cikin take yanke hukunci.

Ki yanka awonki a kwali, na shekara 2 zuwa 3, na 4 zuwa 5, na 6 zuwa 7, ki rataye a ƙusa. Da kwalin ko da tef a jaka za ki riƙa shiga kasuwa, ki ɗora a kan zane ki san riga nawa zai ba ki kafin ki taya.

Akwai wata dabara da mu muke da ita a kusa, wadda masu irin wannan sana'a a Turai suke nema da kuɗi, wato marina. Farin zanen gado na otal, auduga zalla, yana da yawa a gwanjo, kuma ɗan tabo kaɗan ke karya masa daraja. Kai shi karofi. A Ƙofar Mata ta Kano, inda ake cewa tun 1498 ake rini, har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa ruwan rini, kuma akwai marina a garuruwa da yawa. A ɗaure zanen da zare a fitar da zane-zane, a tsoma, a kai wa masu bugu su buge shi ya yi sheƙi. Abin da ya fito ba mai cewa daga gadon otal ya taso. Sai dai ku sani, shuni auduga yake kamawa, ba ya kama roba. In an yi kalmasar zanen da zaren roba, yadin zai yi shuɗi, layin ɗinkin ya fito fari tas. Don haka a yanke kalmasa kafin rini. Tabon mai kuma rini ba ya rufe shi, sai dai a kauce masa wajen yanka.

Mu zo kan kuɗi. Alƙaluman da zan faɗa misali ne kawai, kowa ya sa farashin garinsa. A ce kin sayi rigar bargo naira 4,000. Sabulu da gawayin guga 500. Zare da roba da zif 1,000. Kuɗin mota 500. Jimla 6,000, kuma ta ba ki rigunan yara 4. Mai gaggawa za ta ce kowace riga ta tashi a 1,500, in na sayar 2,500 na ci ribar 1,000. A nan ake faɗuwa. Ina ladan zuwa kasuwa, da wanki, da guga, da farka, da ɗinki? In aikin ya ci kwana biyu, kuma a ɗinkin mutane kina samun 4,000 a yini, to akwai 8,000 da ba ki sa a lissafi ba. Kuɗin ya koma 14,000, kowace riga 3,500 ke nan kafin a yi maganar riba. Sannan cikin abin da kika tsinto dole wani ya ba ki kunya bayan wanki, asararsa ma a kan sauran za ta hau. A wannan sana'a yadi ne mai araha, lokaci shi ne mai tsada. Telan da ke yanka sabon yadi shimfiɗawa kawai yake yi ya yanka, ke kuwa sai kin yi rabin yini kafin yadinki ya shimfiɗu. Shi ya sa na fi son zanen gado da labule ga mai farawa fiye da haɗa ƙananan ƙyallaye. Haɗe-haɗen ƙyalle yana da kyau a ido, amma in ba ki da masu sayen da za su biya wahalarsa, kyauta kike yi wa mutane aiki. A sami littafi a riƙa rubutawa, kuɗin sana'a kuma kada ya haɗu da na cefane.

Wanda ba shi da jari ko kaɗan fa? Akwai gwanjon da ke cikin gidajenmu. Babbar rigar shadda da maigida ya daina sawa saboda wuyanta ya ci, jikinta yana fitar da kaftanin yara biyu har da wando. Atamfofin lefe da aka ɗinka shekarun baya, yayinsu ya wuce ko jiki ya ƙaru, suna nan jibge a akwati. Ki sanar a unguwa cewa kina juya tsohon ɗinki, su kawo kayansu, ki karɓi ladan aiki. Ba ki sayi komai ba. Roƙona ɗaya a nan: in aka kawo miki tsohuwar riga mai aikin hannu, irin aska takwas ko aska biyu da masu ɗinkin Zariya suka shafe watanni suna yi da allura, kada ki datsa cikin aikin. Yanke shi da da'irarsa cif, a yi rigar matashi ko fuskar jaka da shi. Masu iya wannan aiki raguwa suke yi.

To, sai babbar magana: a faɗa wa mai saye, ko a yi shiru? Na ji masu cewa in ka ce gwanjo ne an gudu. Ni dai ra'ayina a faɗa. Sayar da tsoho da sunan sabo algus ne, addini ya hana, kuma a unguwa ba a ɓoye irin wannan, ranar da aka gane kin rasa mai sayen da duk ƙawayenta. Amma faɗa ma iyawa ne. Ba sai kin sunkuyar da kai ba. "Yaya, wannan audugar Turai ce zalla, daga zanen gado na fitar da ita, na wanke da ruwan zafi na goge. Taɓa ki ji. Ba ta zuba, ba ta tsukewa, kuma duk garin nan ba za ki ga irinta a jikin wata yarinya ba." Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma na ƙarshen shi ne ƙarfin hajarki. Shi ne kuma rauninta, don ba za ki iya karɓar ɗinkin anko ba, kuma in wata ta ga hoto ta ce a yi mata irinta sak, sai dai ki ba ta haƙuri ki nuna mata mai kama da ita.

Masu jin kunyar faci kuma su tuna ba yau aka fara ba. Mabiya Mahadi a Sudan, a shekarun 1880, jibba mai faci-faci ce suturarsu, tun tana alamar gudun duniya har ta zama kayan sarakunan yaƙi da ake tsara facinta da kyau, yanzu haka suna ajiye a gidajen tarihi. 'Yan Baye Fall na Senegal, mabiya Shehu Ibra Fall, har gobe da rigunan haɗe-haɗe masu launi ake gane su. A yau kuma akwai Nkwo Onwuka a Abuja, wadda ke yanka tsofaffin jins siri-siri tana haɗa wani yadi da ta sa wa suna Dakala, ana nuna ɗinkinta a manyan bukukuwan kwalliya. A Kampala ta Uganda, Bobby Kolade ya fito da kayan kamfaninsa Buzigahill a 2022: yana sayen gwanjo, ya sake masa fasali, ya sayar wa mutanen ƙasashen da suka turo shi da tsada. Abin sha'awa ne, amma kada ya ruɗe ku. Masu sayensu daban ne, mutane ne da ke biyan kuɗi don labarin ceton muhalli. Maƙwabciyarki ba wannan ya dame ta ba. Ita tana son rigar ta yi kyau, ta yi ƙarko, ta rufe jiki, kuɗinta kuma ya yi daidai da aljihu.

Wajen tallatawa, hoto a WhatsApp da Facebook da Instagram yana aiki, in an ɗauka da hasken safe a jikin bango marar tarkace, an rubuta shekarun yaron da za ta yi wa da kuɗinta. Matan da ba sa fita kuma ga dillaliya, wadda ta san gidan da ake da 'yan mata huɗu da gidan da ake shirin suna, a yanka mata la'adarta tun farko. Jakunkunan jins a gama su kafin komawa makaranta a Satumba, rigunan yara kafin azumi ya raba, na sanyi kafin iskar hunturu ta fara kaɗawa. Ɗan ƙyalle mai sunan sana'arki da lambar waya a wuyan kowace riga shi zai dawo miki da mai saye. Rajistar suna a hukumar CAC tana iya jira har ciniki ya kankama. Bashi kuwa, ga mai ƙaramin jari, gara a ce kafin alƙalami a kawo rabi.

Ragowar ƙyallaye kada a zuba su a kwata, damina na zuwa, kuma kada a ƙona na roba a tsakar gida yara na shaƙa. Na auduga masu ɗan faɗi suna yin ɗaurin gashi da jakar kuɗi da abin sauke tukunya. 'Yan mitsi-mitsin a tara a buhu, a cusa matashin zama da su, ko a sayar wa makanikai da masu fenti su goge hannu.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. A shiga kasuwa da tef, a sayo rigar bargo ɗaya tak ko zanen gado ɗaya. A rubuta kuɗinsa, a rubuta lokacin da aka fara wanki da lokacin da aka cire riga ta ƙarshe daga keke, a nuna wa mutum uku da ba 'yan gida ba a ji nawa za su taya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko yadda ake fitar da awon yara a kwali, daga kafaɗa zuwa tsawon hannu, don haka a tanadi kwali da alli da tef kusa da rediyo.  

(Kiɗan rufe shiri)